Jikin namiji da halinsa: tambayoyi da amsoshi kan inda ya bambanta da mace

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan zuwa gaban ma'aikatan lafiya a Kaduna, wasu daga bakin magidanta, wasu daga iyaye mata da suka kawo yara, wasu kuma daga samarin da sai an kusa sallamarsu suke buɗe baki. Alƙaluman da ke ciki na matsakaicin mutum ne. Idan an ce maza sun fi mata tsawo, ba a ce kowane namiji ya fi kowace mace ba.

Me ke sa jariri ya zo namiji ko mace? Laifin uwa ne idan ta jera 'ya'ya mata?

Ba laifinta ba ne, kuma ba laifin kowa ba ne. A cikin ƙwayoyin halittar ɗan Adam akwai zaren gado guda 46 da ake kira kuromozom, rabi daga uwa, rabi daga uba. Biyu daga ciki su ke raba jinsi: mace tana da X biyu, namiji yana da X ɗaya da Y ɗaya. Ƙwan mace X kaɗai yake ɗauke da shi, ba shi da wani abin bayarwa sai shi. Maniyyin namiji ne ya kasu biyu, wasu ƙwayoyin masu X, wasu masu Y. Wanda ya riga shiga ƙwan, shi ya yanke magana. Don haka mai gidan da ke yi wa matarsa gorin 'ya'ya mata, ko dangin miji da ke zuga shi ya ƙara aure don a samu magaji, sun ɗora kaya a kan wadda ba ta da hannu a ciki. Shi ma mijin ba zaɓa yake yi ba. Kyauta ce ta Allah, kuma babu rubutu ko sassaƙe ko wani abinci da ke juya ta.

Har zuwa mako na shida da shigar ciki, halittar ɗa namiji da ta 'ya mace iri ɗaya ce. Daga nan wani ɗan guntun gado da ke kan Y, mai suna SRY, wanda masana suka gano a 1990, yake ba da umarnin a gina maraina. Marainan su fara fitar da sinadarin testosteron, shi kuma ya siffanta sauran gaɓoɓin. Shi ya sa sikanin farkon ciki ba ya nuna jinsi, sai wajen mako 18 zuwa 20 ake gani da kyau. A duniya ana haifar maza kusan 105 a kan kowace mace 100, amma jarirai maza sun fi saurin mutuwa, musamman bakwaini.

Shi wannan testosteron ɗin, maza ne kaɗai ke da shi?

Mata ma suna da shi, kaɗan ne dai. A jinin baligin namiji akan samu kimanin nanogiram 300 zuwa 1,000 a kowace desilita, a na mace kuwa kimanin 15 zuwa 70. Shi ke kawo gemu, kaurin murya, tsoka, sha'awa da yawan jini. Yakan hau da asuba ya sauka da yamma, saboda haka idan likita ya rubuta gwajinsa, a je a ɗibi jinin tsakanin ƙarfe 7 da 10 na safe. Sakamakon da aka ɗiba da la'asar zai iya nuna ƙaranci alhali mutum lafiyarsa ƙalau. Ko na safen ne ya nuna ƙasa, sai an maimaita kafin a yanke hukunci.

Daga wajen shekara 40 yana raguwa a hankali, kusan kashi 1 cikin 100 a shekara. Wannan ya sha bamban da na mace, wadda al'adarta ke ɗaukewa gaba ɗaya tsakanin shekara 45 da 55. Teɓa, ciwon suga, rashin barci da shan tramol suna rage shi fiye da yadda shekaru kaɗai za su yi.

Ɗana ya shekara 13, ƙanwarsa ta fi shi tsawo, kuma nononsa ya kumbura. Akwai matsala?

Galibi babu. 'Yan mata suna fara balaga tsakanin shekara 8 da 13, yara maza tsakanin 9 da 14, kuma saurin tsawon namiji yakan zo kusan shekara biyu bayan na mace. A aji ɗaya na ƙaramar sakandare za ka ga 'yan mata sun kere maza, bayan shekara uku lamarin ya juye. Jinkirin nan ma yana cikin abin da ke sa namiji ya fi tsawo a ƙarshe, domin ƙasusuwansa sun samu ƙarin lokaci kafin bakinsu ya rufe. Tazarar tsawon maza da mata a duniya kusan santimita 12 zuwa 13 ce.

Alamar farko a jikin yaro ba gashi ba ce, ba mafarki ba ce, girman 'ya'yan maraina ne. Gashin gaba ya biyo, sai tsawo, sai fashewar murya da fitowar zakaran wuya, gemu a ƙarshe. Kumburin nono kuwa yana samun kusan rabin yara maza a wannan lokaci: wani ɗan ƙullutu mai zafi a ƙarƙashin kan nonon, gefe ɗaya ko duka biyu. Yakan baje da kansa cikin wata shida zuwa shekara biyu. Kada a matsa shi, kada a gasa shi, kada wanzami ya tsaga. Idan yaro ya kai 14 marainansa ba su fara girma ba, a kai shi asibiti. Masu ciwon sikila da yaran da abinci bai wadace su ba sukan makara.

Wani abu da ya kamata a kawar: fitsarin jini ba alamar balaga ba ce, ba kuma "hailar maza" ba ce kamar yadda ake faɗa a wasu ƙauyuka. Tsargiya ce, tsutsa ce da ke shiga ta fata idan yaro yana wanka a kududdufi ko gefen kogi, kuma ta fi kama maza ne don su suka fi shiga ruwan. Ana gwada fitsari, a ba da maganin furazikwantel daidai nauyin yaron. Idan aka bar ta shekaru, tana lalata mafitsara da ƙoda.

Da gaske namiji ya fi mace ƙarfi da yawan jini?

Ƙarfin tsoka, ƙwarai, musamman daga ƙugu zuwa sama, inda tsokar namiji ta fi ta mace da kusan kashi 40 cikin 100. A ƙafafu tazarar ba ta kai haka ba. A tseren mita 100, bajintar maza ita ce daƙiƙa 9.58 ta Usain Bolt a 2009, ta mata kuma 10.49 ta Florence Griffith-Joyner a 1988. Zuciyar namiji da huhunsa ma sun fi girma.

Batun jini yana da amfani a aikace. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa namiji a matsayin mai ƙarancin jini idan himogulobin ɗinsa, wato sinadarin da ke ba jini launin ja, ya gaza giram 13 a desilita, mace idan ya gaza 12, mai ciki idan ya gaza 11. Mace tana zubar da jini duk wata, don haka ƙarancin jini a wurinta yana da sanannen dalili. Namiji ba shi da wannan hanya. Idan magidanci ya yi fari fat, awon yawan jininsa, wato PCV, ya faɗi, to jinin yana zuba a wani wuri: gyambon ciki, basur mai jini, tsutsar ciki, ko ƙari a hanji. Ba a sallamarsa da kwalbar maganin ƙarin jini kawai, sai an nemo inda yake yoyo. Saboda wannan bambanci ne namiji mai lafiya zai iya ba da leda ɗaya ta jini duk wata uku, mace kuma duk wata huɗu.

Amma ƙarfin damtse daban, garkuwar jiki daban. Jikin mace ya fi saurin tasar wa ƙwayoyin cuta, kuma tarin fuka ya fi kama maza a Najeriya da duniya baki ɗaya.

Akwai cututtukan gado da suka fi bin 'ya'ya maza?

Akwai, kuma dalilin shi ne X ɗaya tilo. Idan mace ta gaji X mai tangarɗa, ɗayan yakan rufa mata asiri. Namiji ba shi da na biyu. Uku ne ya kamata iyaye su sani.

Na farko rashin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a mazan Najeriya. Jajayen ƙwayoyin jinin mai shi suna farfashewa idan suka haɗu da wasu abubuwa. Babban mai laifi a gidajenmu shi ne kafur ɗin da ake jefawa cikin akwatin kayan jariri. Jaririn ya shaƙa, ko ya taɓa fatarsa, bayan kwana biyu idanunsa su yi rawaya, ya daina kama nono. Cutar shawara ke nan, kuma mai tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi. A cire kafur daga kayan jariri gaba ɗaya, kada a sa masa lalle, kuma idan an ga rawaya a ido a kai shi asibiti a ranar, a auna, a sa shi ƙarƙashin fitilar da ake magance ta da ita. Ruwan gulukos da shanya jariri a hantsi ba sa maganinta. Babba mai wannan matsala ya riƙa faɗa wa likita kafin a rubuta masa magani, domin wasu magungunan maleriya da na ciwon fitsari suna tayar da ita.

Na biyu ciwon rashin daskarewar jini, himofiliya. Sau da yawa a wajen kaciya ake gane shi, jini ya ƙi tsayawa. Ta wajen uwa yake biyowa, don haka kafin a kira wanzami a tambaya: a cikin kawunnan yaron, ko 'ya'yan innarsa maza, akwai wanda ya taɓa zubar da jini ba ƙaƙƙautawa bayan kaciya ko cire haƙori? Idan akwai, a yi gwajin jini tukuna, a yi kaciyar a asibiti.

Na uku kasa bambance ja da kore. Ba ya warkewa, amma sanin sa da wuri yana taimaka wa yaro wajen zaɓen sana'a, domin aikin wayoyin lantarki da tuƙin jirgi suna buƙatar ido mai raba launi. Ana gwadawa cikin 'yan mintuna a Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna.

Sikila ba ta cikin wannan sahu, tana kama maza da mata daidai. Sai dai namiji mai sikila yana da nasa haɗarin: gaba ta miƙe da zafi ta ƙi kwanciya. Idan ta kai awa huɗu, maganar gaggawa ce.

Wane ciwon maraina ne ba ya jira?

Murɗewa. Yaro ɗan 12 zuwa 18 ya farka cikin dare da azababben ciwo a gefe ɗaya, yana amai, ɗan marainan ya ɗage sama. Igiyar da ke kai masa jini ce ta nannaɗe. Awa shida ake da ita a yi tiyata a warware, bayan haka yakan mutu sai dai a cire. Kunya da zuwa kemis neman maganin sanyi su ke cinye waɗannan awanni. A nufi asibitin da ke da likitan fiɗa kai tsaye, irin su Barau Dikko ko Asibitin 44.

Jariri kuma a duba ko duka biyun sun sauko cikin jakarsu. Idan wata shida ya cika ɗaya bai sauko ba, aiki ake yi, kuma an fi so kafin ya wuce shekara ɗaya da rabi. Gwaiwa ma ta wannan hanya take bi, shi ya sa kusan namiji ɗaya cikin huɗu zai gamu da ita a rayuwarsa, mace kuwa da wuya. Wadda ke komawa idan an kwanta za ta iya jiran ranar aiki. Wadda ta taurare, ta ƙi komawa, ga amai, ba ta kwana.

Shekara uku da aure babu haihuwa. Wa za a fara gwadawa?

Su biyun tare, kuma gwajin mijin ya fi sauƙi da araha. A kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, akwai matsala ta ɓangaren namiji. Iya kwanciyar aure ba shaida ba ce, domin mutum zai iya fitar da ruwa cikakke babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Haihuwar da ya yi da wata matar shekaru goma baya ma ba ta wanke shi yau ba.

Ga yadda ake gwajin. A ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7. A zuba maniyyin duka a robar da ɗakin gwaji ya bayar, ba a kwaroron roba ba, domin sinadarin jikinsa yana kashe ƙwayoyin. Idan a gida aka yi, a sa robar a aljihun da ke jikin fata, a kai cikin awa ɗaya. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa iyakar ƙasa a ƙwaya miliyan 16 cikin kowace mililita, da ruwa mililita 1.4. Idan sakamako bai yi kyau ba, a sake bayan wata uku. Dalili shi ne ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ta nuna, don haka zazzaɓi mai zafi da aka yi watanni biyu baya zai iya bayyana a takardar yau.

Abubuwan da suka fi lalata shi: ciwon sanyi da ba a magance da kyau ba har ya toshe hanya, hangum da ya sauka maraina bayan balaga, kumburin jijiyoyin maraina, taba, da zafi, domin maraina suna son sanyin da ya gaza na jiki da digiri biyu zuwa uku. Allurar testosteron da wasu samari ke yi don tara ƙwanji tana tsayar da maniyyi kusan gaba ɗaya. Namiji yana iya haihuwa har tsufa, mace kuwa da ƙwayayenta aka haife ta, kuma suna raguwa sosai bayan shekara 35. Kowace shekarar da miji ya ɓata yana ƙin gwaji, daga lokacin matarsa ake cire ta.

Ƙwaƙwalwar namiji ta fi ta mace?

Ta fi girma da kusan kashi 10 cikin 100, kamar yadda hannunsa da ƙafarsa suka fi girma. A gwajin basira matsakaicinsu ɗaya ne. A 2005 masaniyar halayyar ɗan Adam Janet Hyde ta Amurka ta tattara bincike masu yawa, ta nuna cewa a mafi yawan abubuwan da aka auna, irin su lissafi da fahimtar karatu, tazarar ƙarama ce ko babu. Inda ta fito fili shi ne jifa, faɗa da hannu, da juya siffar abu a cikin tunani. Surutu ma da ake jingina wa mata, wani bincike na 2007 a kan ɗaliban jami'a ya samu maza da mata duk suna furta kalma kusan 16,000 a rana.

Abin da ya tabbata shi ne matsalolin tasowa sun fi yawa a yara maza: in'ina, jinkirin magana, rashin natsuwa a aji. Yaron da ya shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, kada a ce "ai namiji ne, za ta zo". A fara da gwada jinsa a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa.

Zafin rai da ganganci halittar namiji ce, ko tarbiyya?

Duka biyun, kuma a nan ne aka fi fakewa da halitta. Bambancin gaskiya ne: alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna kusan kashi 90 cikin 100 na masu kisan kai maza ne, kusan kashi 80 na waɗanda ake kashewa su ma maza ne, kuma kusan uku cikin huɗu na masu mutuwa a haɗarin hanya maza ne. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali testosteron ya cika jiki tun 16. Wannan tazara ce ke kan babur ɗin da ke tsere a titin Kawo ba hular kwano.

Amma alaƙar yawan testosteron da faɗa, idan aka auna mutum da mutum, mai rauni ce. Abin da sinadarin ya fi ingizawa shi ne neman girma a idon tsara. Inda ake samun girma da sara-suka, can zai kai yaro. Inda ake samunsa da haddar Alƙur'ani, ko ƙwarewa a garejin Panteka, ko ƙwallo, can zai kai shi. Kuma yawan kisa yana bambanta ninki-ba-ninki daga wata ƙasa zuwa wata, alhali jinin mazan iri ɗaya ne. Don haka mai dukan matarsa ba shi da mafaka a ilimin halitta. Ƙwaya tana ƙara wa wutar fetur: binciken shan miyagun ƙwayoyi na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu sha miliyan 14.3 a Najeriya, uku cikin huɗu maza.

Maza ma suna kamuwa da ciwon damuwa?

Suna kamuwa. An fi gano shi a mata, amma mazan da ke kashe kansu sun ninka mata fiye da sau biyu a duniya. Wanda aka raina da "namiji ba ya kuka" ba zai zo ya ce yana baƙin ciki ba. Zai zo da ciwon kai, rashin barci, faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, daina zuwa majalisa, ko fara shan abin da da ba ya sha. Idan haka ta wuce mako biyu, musamman bayan karayar jari ko rasa aiki, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin hallaka kansa. Tambayar ba ta cusa tunanin. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana ganin masu irin wannan a sallame su a ranar, ba sai wanda aka ɗaure ba.

Me ya sa mata suka fi maza tsawon rai?

A duniya tazarar kusan shekara biyar ce. Ban da haɗari da faɗa da taba, akwai zuciya. Ciwon zuciya yakan riski namiji shekara bakwai zuwa goma kafin mace, domin sinadarin mata mai suna estirojin yana kare jijiyoyinta har al'ada ta ɗauke. Wurin ajiye kitse ma ya bambanta. Na mace yana taruwa a cinya da ɗuwawu, na namiji a cikin ciki, kewaye da hanta da hanji, kuma shi ne mai jawo suga da hawan jini. Tumbin da ake yi wa kirari da alamar hutu, ciwo ne ke tahowa.

Don auna tumbin, a ɗauki tef ɗin tela, a zagaya tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, bayan an saki numfashi. Ba a inda wando ke zama ba, don maza a ƙarƙashin tumbi suke ɗaurawa. Inci 37 gargaɗi ne, inci 40 haɗari. Sannan mace tana samun awon hawan jini duk lokacin da ta je awon ciki, namiji kuwa zai iya shekara ashirin ba a naɗa masa abin awo a hannu ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. A auna aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan ya kai 140 bisa 90 a ranaku daban-daban, a ga likita.

Raunin gaba fa? Maganin maza da ake tallatawa yana da illa?

Jijiyoyin gaba sun fi na zuciya siranta, don haka su ke fara toshewa. Magidanci ɗan 45 da ƙarfinsa ya ragu a hankali, abin da yake buƙata da farko shi ne gwajin suga, hawan jini da kitsen jini, domin raunin yakan riga ciwon zuciya da 'yan shekaru. Yawancin abin da ake kira "sanyi" ko "basur ya kwantar da gaba" a nan yake. Haɗe-haɗen da ake sayarwa a tasha da bayan mota, an sha kama wasunsu da sinadarin sildenafil, maganin asibiti na raunin gaba, a ɓoye, ba a san adadinsa ba. Idan ya haɗu da maganin ciwon ƙirji irin wanda ake sawa ƙarƙashin harshe, awon jini yana faɗuwa warwas. Wanda kuma maganin hawan jini ya rage masa ƙarfi, kada ya daina sha, ya koma a canja masa wani.

Mahaifinmu yana tashi fitsari sau biyar a dare. Tsufa ne kawai?

A ƙarƙashin mafitsarar namiji akwai wani ƙullutu mai suna furostet, wanda mace ba ta da shi, kuma hanyar fitsari ta tsakiyarsa ta ratsa. Daga shekara 50 yakan girma ya matse hanyar: fitsari ya yi jinkirin fitowa, ya zo a raunane, ya riƙa ɗiga bayan an gama, a ji kamar da saura. Yawanci girma ne kawai, kuma akwai ƙwayoyin da ke sassauta shi. Amma sankarar furostet ita ce kan gaba a cikin sankarar mazan Najeriya, ta fi tsanani a baƙar fata, kuma a farkonta ba ta da alama. Daga shekara 45 a tattauna da likita kan gwajin jini na PSA, mai nuna alamar matsalar furostet, tun 40 idan uba ko ɗan'uwa ya taɓa yin sankarar. Ku kai Baba a duba shi da yatsa, a yi PSA, a gwada suga da ƙoda, a kuma rage masa shayi da ruwa bayan isha'i. Idan fitsarin ya tsaya cak, mara ta kumbura, a tafi asibiti a daren a sa masa roba. Kada a ba shi maganin mura kafin a ga likita, domin wasunsu suna ƙara ɗaure fitsarin.